Shekaruna 61, hoto ne ya sa nake son rage ƙiba: in ci gaba ko in haƙura?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 61, ina da 'ya'ya biyar da jikoki. Tun haihuwata ta uku jikina ya buɗe, da al'ada ta ɗauke kuma sai abin ya taru a ciki, har na kai kilo 94, ni kuwa ba doguwa ba ce. Shekara da shekaru likita yana ce min in rage saboda hawan jini da ciwon gwiwa, har ya ce sugana ya fara hawa. Sai in ce to, in na fito in manta. Watan jiya aka turo hotunan wani taron dangi ta waya. Na ga wata mata zaune a gefe ta cika kujera, wuyanta ya nutse, sai da na dubi kayan jikinta na gane ni ce. A daren ban runtsa ba. Tun daga ranar sau ɗaya nake cin abinci, ina kuma shan wani shayin rage tumbi da aka ba ni. Na sauke kilo 5 cikin mako uku, amma jiri yana ɗibata in na miƙe, fuskata kuma ta fara zubewa. Babbar 'yata ta ce, "Umma, a shekarunki wa za ki yi wa gayu?" Maigidana ya ce shi haka yake sona, in daina wahalar da kaina, alhali shi ne ya taɓa cewa a gaban yara na fi ƙarfin kujerar mota. Ƙanwata kuma ta ce in nemi allurar nan da ake yayi. Saura wata huɗu bikin autana, ina so in sauke kilo 25 kafin nan. Abin da ya fi damuna kunya ce: lafiyata ba ta motsa ni ba, sai hoto. Wannan ba son zuciya ba ne ga mace mai jikoki? In ci gaba ko in haƙura?

Wata uwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ƙoƙari, kuma na gode da kika faɗi abin yadda yake, ba ki lulluɓe shi da sunan lafiya ba. Mata da yawa a shekarunki suna rage abinci don dalilinki sak, amma in an tambaye su sai su ce likita ne ya sa su. Ke kin faɗi gaskiya, don haka ni ma zan ba ki amsa a buɗe: ki ci gaba, amma ba ta wannan hanyar da kika ɗauko ba.

Bari mu fara da kunyar, tunda ita ce ta fi ci miki rai. Ba ki yi laifin komai ba. Hawan jini lamba ce da ake karanta miki a asibiti, ba kya ganinsa, yawanci ma ba kya jinsa. Sugan da "ya fara hawa" barazana ce ta gobe da jibi, zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta cika tashi tsaye don abin da ke nesa ba. Hoto a yau yake, a tafin hannunki, kuma kin san duk dangi sun gani. Madubi ma bai taɓa yi miki abin da hoton ya yi ba, domin kullum kina dubansa, sauyin yana zuwa kaɗan-kaɗan har ido ya saba, kuma in kin tsaya gabansa kin riga kin miƙe kafaɗa kin gyara fuska. Hoton ya same ki a zaune, daga gefe, ba ki shirya ba. Abin da ya girgiza ki shi ne tazarar da ke tsakanin matar da kike ɗauke da ita a ranki da matar da ke kan kujerar. Son a rufe wannan tazara, mutum ya dubi kansa ya gane kansa, ba ya ƙarewa don an haifi jikoki. Wadda ta daina damuwa da yadda take fitowa gaba ɗaya, ita ce ma nake jin tsoron halin da take ciki, don sau da yawa hakan alamar karayar zuciya ce. Dalilin da ya tashe ki ya yi aikin da shekarun nasiha suka kasa yi. Ki riƙe shi, kada ki raina shi.

Sai dai akwai abin da ba zai jira ba. Ki ajiye shayin nan yau, ki koma cin abinci yadda ya kamata, ki ga likitanki cikin makon nan. Jirin da ke ɗibarki ba alamar "abin yana aiki" ba ne. Mai shan maganin hawan jini, in ta rage ci da yawa kuma ruwan jikinta ya ragu, jininta yana iya faɗuwa ƙasa a lokacin da ta miƙe, musamman in cikin magungunanta akwai mai sa fitsari. Faɗuwa guda a banɗaki tana iya karya ƙugu, kuma karayar ƙugu bayan shekara 60 tana sauya rayuwar mutum fiye da kowace teɓa. Irin waɗannan shayin yawancinsu ganyen da ke sa zawo ne ko yawan fitsari, ruwa suke fitarwa da gishirin jiki irin su fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kitse kuwa yana nan inda yake. An kuma sha samun wasu kayan rage ƙiba da ake tallarsu da sunan "na ganye" an cusa musu sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma yana ɗaga jini. Ki tafi da kwalin shayin wurin likita ya gani da idonsa. Ki roƙe shi ya auna jininki a kwance da a tsaye, ya duba suga da ƙoda da tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya wadda in ta yi sanyin aiki take sa ƙiba da kasala, ya kuma bi magungunanki ɗaya bayan ɗaya, don akwai waɗanda ke ƙara nauyi kuma wani lokaci ana samun madadinsu.

Zan gaya miki wani abu tun yanzu don kada ya karya miki gwiwa. In kin koma ci, sikeli zai iya ƙara kilo ɗaya ko biyu cikin 'yan kwanaki. Wannan ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram 3, shi ya sa makon farko na yunwa yake ba da lamba mai daɗin gani. Da an ci, ajiyar ta dawo da ruwanta. Ba ki koma baya ba.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau, don a nan ne burinki na kyan gani da maganar likita suka zama abu ɗaya. In mutum ya rame, ba kitse kaɗai yake tafiya ba. A bisa al'ada kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sauke ba kitse ba ne, tsoka na ciki, kuma in da yunwa aka yi shi ba motsa jiki, abin yakan fi haka. Budurwa in ta rasa tsoka takan mayar da ita cikin sauƙi. Ke kuwa tun daga wajen shekara 30 tsokar jiki take raguwa da kusan kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma sai ta ƙara sauri. Tsokar nan ita ce ke riƙe miki baya a miƙe, ita ke cika dantse da cinya, ita ke tashe ki daga kujera ba tare da kin dafa gwiwa ba. In kuma nauyin ya dawo bayan an gaji da yunwa, kamar yadda yakan faru, mafi yawansa kitse ne yake dawowa. Sai mace ta wayi gari da tsohon nauyinta amma da ƙarancin ƙarfi. Ramewa ta hanyar yunwa a wannan shekaru kamar mutum ne ya sayar da ƙofar gidansa don ya sayi labule.

Fuskar da kika ce ta fara zubewa ma tana da bayani. Bayan ɗaukewar al'ada sinadarin jikin mata da ake kira istirojin yana raguwa, kuma a shekaru biyar na farko fatar mace tana rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, sinadarin da ke sa ta tauri da komawa wurinta in an ja ta. Raguwar istirojin ɗin ce kuma ta sa kitsen da a da yake zama a ƙugu da cinya ya koma ciki, kamar yadda kika lura. Kitsen da ke ƙarƙashin fatar kumatu shi ne ke ɓoye ramin ido da layin gefen baki. In ya tafi a guje, ga kuma ƙarancin ruwa, fata ba ta samun lokacin bin sa, sai ta sake. Shi ya sa za ki ga mace ta sauke kilo 20 cikin gaggawa, maimakon a ce ta yi kyau sai a riƙa tambayarta ko ta yi jinya. Ba zan yi miki alkawarin cewa in kin bi a hankali fata ba za ta saki ko kaɗan ba, za ta ɗan saki a wuya da dantse da ciki, amma bambancin yana da yawa. Saboda haka, Hajiya, ko da babu maganar lafiya sam, ko da kyan fitowa a bikin autanki kaɗai muke nema, shawarar ita ce dai a bi sannu a kuma tsare tsoka.

Kilo 25 cikin wata huɗu, ki cire shi daga lissafi. Ba ke kaɗai ce kika ɗora wa kanki irin wannan buri ba. A 1997 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tambayi mata 60 masu ƙiba nawa suke so su sauke, sai ya kasance a matsakaici suna neman kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu. Bayan mako 48 sun sauke kusan kilo 16, wanda babban aiki ne, amma kusan rabinsu ba su kai ko lambar da tun farko suka ce za su ɗauke ta a matsayin abin takaici ba. Wato sun yi nasara suna jin sun faɗi, don kawai sun sa ma'aunin inda hannu ba ya kaiwa. Ba na so haka ta same ki. Abin da jiki ke ɗauka lafiya lau shi ne wajen rabin kilo a mako. In kika bi haka, za ki iya isa ranar bikin kina tsakanin kilo 83 da 86, wato kin sauke kusan kashi ɗaya cikin goma na inda kika faro. A kunne kaɗan ne, a jiki kuwa ana ganinsa: ciki yana sauka, wuya yana fitowa, riga tana zama daidai a kafaɗa, tafiya tana sauƙi.

Kuma wannan ɗan adadin shi ne daidai abin da likitanki yake roƙonki tun tuni. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya bi mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa kamar naki. Waɗanda aka sa su nemi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. A cikin waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama kuwa, ya ragu da kashi 71. Tsofaffin sun fi matasan cin riba. Gwiwa ma haka: wani bincike na 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ki lissafa kilo 8, ki kuma tuna yawan takun da kike yi daga safe zuwa dare. In wani ya ce miki a shekarunki jiki ba ya saurarar mutum, ki sani a 2020 masu bincike na Jami'ar Warwick a Ingila sun duba bayanan marasa lafiya 242 a wani asibitin kula da ƙiba, suka ga waɗanda suka kai 60 sun sauke kashi 7.3 cikin 100, waɗanda ba su kai ba kuma kashi 6.9. Shekaru ba su hana kowa ba.

Game da abinci, ki koma sau uku a rana, ko biyu masu kyau da ɗan abin taɓawa a tsakani in haka ya fi miki. A kowane ci ki fara tambayar kanki ina abin gina jiki: kifi, ƙwai, kaza, nama marar kitse, wake da danginsa, madara. Masana abincin manya suna ba da shawarar giram 25 zuwa 30 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowane ci. Don ki gane girmansa, ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara kusan 8, yankan kifi ko nama mai girman tafin hannunki kuma yana ba da wajen 20 zuwa 25. Amma ki jira sakamakon gwajin ƙoda kafin ki ƙara, don mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne, hawan jini na shekaru kuwa yakan taɓa ƙoda ba a sani ba. Rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu, abinci mai sitaci kuma ki rage shi zuwa kamar dunƙulen hannunki, ba sai kin yanke shi ba. Inda za ki fi samun sauƙin ragi shi ne abin sha mai zaƙi, da sukarin shayi, da man girki da soye-soye, da ɗan ciye-ciyen da hannu ke kaiwa baki ana hira ko ana girki ba a lissafa shi. Ki sha ruwa sosai, ki rage gishiri saboda jinin. In akwai masanin abinci a asibitin da kike zuwa, ki nemi a haɗa ku, zai tsara miki da abin da kike ci a gidanki.

Motsa jiki kuwa, kada ki ɗauke shi a matsayin ƙari. A wurinki shi ne rabin maganin. A 2011 an wallafa wani gwaji da aka yi da mutum 107 masu ƙiba 'yan shekara 65 zuwa sama, na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage abinci kaɗai da waɗanda suka haɗa da motsa jiki sun sauke nauyi kusan daidai, amma masu haɗawar sun fi samun ƙarfin jiki, kuma asarar tsoka da ƙarfin ƙashin ƙugunsu ta fi ƙanƙanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Da gwiwa mai ciwo, ki fara da tattakin minti goma bayan cin abinci a wuri mai laushi da takalmi mai kyau, ki riƙa ƙara minti biyar duk mako. Na ƙarfin kuma ba ya bukatar kayan aiki. Ki sami kujera mai ƙarfi marar taya ki jingina ta da bango, ki zauna ki miƙe a hankali sau takwas zuwa goma. Ki tsaya gaban bango ki dafa shi da tafukanki, ki kai ƙirji kusa ki tura kanki baya. Ki cika gorar ruwa biyu ki riƙa ɗaga su zuwa kafaɗa da sama. Ki dafa bayan kujera ki ɗaga dugaduganki ki sauke. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai, amma in gwiwa ta kumbura ko ta yi suka mai kaifi, ki tsaya ki nemi likitan gashin ƙashi ya zaɓa miki abin da ya dace da ita. Kada ki fara ko ɗaya sai jirin ya wuce kuma likita ya ce to.

Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe, rana guda. Ki ƙara masa ma'auni biyu da suka fi shi faɗin gaskiya. Na farko tef ɗin awo: ki zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan kin saki numfashi, duk mako biyu ki rubuta. Akwai makon da sikeli zai tsaya cik amma tef ya nuna santimita ya tafi. Na biyu kujerar nan: ki harɗe hannuwa a ƙirji, wani ya riƙe agogo yana kusa da ke, ki ga sau nawa za ki miƙe ki zauna cikin daƙiƙa 30. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ɗaukar ƙasa da sau 12 a matsayin rauni ga mace mai shekara 60 zuwa 64. In ƙugu yana raguwa lambar kujera tana hawa, kina kan hanya. In nauyi yana sauka lambar kujera ma tana sauka, tsoka kike ci, sai a ƙara abinci.

Allurar da ƙanwarki ta ambata magani ne na gaske. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy don ƙiba da Ozempic don ciwon suga, ya sa mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68 a babban gwajin da aka wallafa a 2021. Mai nauyinki da hawan jini da suga a bakin ƙofa tana cikin waɗanda likita zai iya duba ko ta dace. Sai dai yana sa tashin zuciya da amai ga wasu, tsoka da kitsen fuska suna tafiya da shi kamar kowace ramewa, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke cikin shekara guda. An kuma samu na jabu a kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a 2024. Ki tambayi likita, kada ki karɓa daga hannun kowa, kuma kada ki fara shi don biki.

Mu zo ga mutanen gidanki. Maganar 'yarki ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce, don ta ɗauka gyaran jiki sai don idon wani ake yinsa. Amma ki dubi abin da take gani: uwarta tana ci sau ɗaya, tana dafa bango in ta miƙe, fuska ta faɗa. Ina kyautata zaton tsoro ne ya fito da kayan gatse. 'Ya'ya kuma sukan manta cewa uwarsu mace ce tun kafin ta zama uwarsu. Ki kira ta ku kaɗai, ki ce mata maganar ta ɓata miki rai, don kanki kike yi ba don kowa ba, kin kuma yarda hanyar farko ba ta da kyau kin bar ta. Daga nan ki ba ta aiki: ta raka ki asibiti, ko ta riƙe miki agogon gwajin kujera. Mai tsoro in aka ba shi abin yi, bakinsa yakan yi sanyi.

Na maigida ya fi nauyi, kuma na lura yadda kika saka shi a tsakiyar wasiƙar kamar abin wucewa. Maganar kujerar mota tana nan a ranki, a gaban yara aka yi ta, kuma ina jin ita ce ta sa "haka nake sonki" ba ta shiga kunnenki. Mai yiwuwa shi ya manta ya taɓa faɗa, a wurinsa raha ce ta minti ɗaya. Mai yiwuwa kuma duka biyun gaskiya ne, ya yi ɓarin baki a ranar, yana kuma sonki yadda kike. Ba za ki sani ba sai kin faɗa masa. Ki zaɓi lokacin da kuke cikin natsuwa, ki tuna masa maganar ba da faɗa ba, ki ce ta zauna miki, ki roƙe shi kada ya sake taɓa jikinki da wasa a gaban kowa. Sannan ki faɗa masa irin taimakon da kike so a fili, don maza da yawa suna so su taimaka ba su san ta ina ba: ya daina matsa miki ki ƙara in kin ce kin ƙoshi, ya fito tattakin yamma tare da ke. Shi ma shekarunsa suna bukata. Wani mijin kuma in matarsa ta fara sauyawa yakan ji wani ɗar a ransa, ko don ya saba, ko don abin yana tuna masa nasa tumbin. In kin ga alamar haka, ki bi shi da lallami, amma kada ki fasa.

Ina so kuma ki tambayi kanki, ke kaɗai: da babu wanda ya ga hoton sai ke, da maigida bai taɓa yin maganar nan ba, za ki so ki rage? In amsar e ce, to burin naki ne, zai kuma daɗe. In kin ga mafi yawansa ciwon maganar mutane ne, to ko kilo 25 ba zai warkar da shi ba, wancan ciwon da magana ake maganinsa. Yawanci dai a cakuɗe suke. In kuma kin ga rashin barcin ya ci gaba, ko kin fara gudun taro, ko tsoron abinci ya kama ki har kina jin laifi in kin ci, ki faɗa wa likita wannan ma. Matsalar cin abinci da ciwon damuwa ba na 'yan mata kaɗai ba ne.

Kada ki jira sai kin rame kafin ki yi kyau. Yawancin mata in jiki ya buɗe sai su koma manyan kaya marasa fasali don su ɓuya, waɗannan kuwa su ne ke ƙara wa mutum girma a ido. Ki sa a gyara miki kaya biyu ko uku daidai jikinki na yau, kafaɗa ta zauna inda take, ki sami rigar mama mai riƙewa da kyau, za ki sha mamakin abin da wannan kaɗai zai yi. Kayan bikin kuma kada a yanka su a kan jikin da kike fata. Ki bari sai saura mako uku ko huɗu a auna ki, a bar wurin ragewa.

Ranar biki za ta zo ta wuce, kuma a nan ne masu ragewa don wata rana suke zamewa, don dalilin ya ƙare da taron. Shi ya sa nake so tun yanzu ki karɓi ranar komawa asibiti da za ta faɗo mako biyu bayan bikin, a sake auna jini da suga, a duba ko maganin hawan jinin yana bukatar ragi tunda nauyi ya sauka. Ki tafi da takardar da kike rubuta awon ƙugu da lambar kujera. Daga abin da kuka gani a ranar, ke da likita sai ku yanke ko za a ƙara sauke wasu kilo a hankali ko a tsaya a riƙe wanda aka samu wata shida tukuna, don riƙewar ma aiki ce mai zaman kanta. Ki rubuto min bayan kin ga likita a makon nan in ji abin da gwajin ya nuna, musamman na ƙoda da suga. Allah ya ƙara lafiya, ya sanya alheri a auren autanki.